Waken Samaru: Jita-jitar Da Ake Yaɗawa Da Tambayoyin Da Ba A Yi Ba

Tun daga shekarar 2021 da aka ƙaddamar da irin waken nan mai suna SAMPEA 20-T a Kano, aka kuma fara sayar wa manoma, maganarsa ba ta kwanta ba. A kasuwa ana yi, a majalisu bayan sallar Isha ana yi, a wayoyin hannu kuwa abin ya wuce ƙirga. Wani ya ce an cusa masa guba. Wani ya ce duk wanda ya ci ba zai ƙara haihuwa ba. Wani ya ce gonar da aka shuka shi sau ɗaya ta mutu ke nan, ko ciyawa ba za ta sake fitarwa ba. Da aka ƙara da masarar TELA a farkon shekarar 2024 sai wutar ta sake ruruwa, har Majalisar Wakilai ta Tarayya ta nemi a dakata da shigo da irin waɗannan iraruwa sai an yi bincike. A ɗaya ɓangaren kuma ga jami'an gwamnati da dillalan iri suna ta kirari, kai ka ce daga ranar da aka shuka wannan wake yunwa ta yi ƙaura daga Nijeriya.

Mun ga ya wajaba mu ce wani abu, domin wake yana da babban matsayi a rayuwar talaka. Shi ne naman wanda ba shi da kuɗin nama. Da shi ake ƙosan da yaro zai karya kumallo, da alale, da garau-garau, harawarsa kuma ita ke riƙe tumaki da awaki har a ga bayan rani. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar ke bi mata, amma duk da haka buhunan waken Nijar ba su daina shigowa kasuwar Dawanau ba, saboda wanda muke nomawa bai ishe mu ba. Matsayinmu a taƙaice shi ne: jita-jitar da ake yaɗawa ba ta da tushe, kuma babbar ɓarnarta ita ce ta ɗauke hankalin jama'a daga tambayoyi masu nauyi waɗanda ya kamata a ce mahukunta suna amsa su.

Ba mu ga laifin talaka ba a kan zullumin da yake yi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Mutanen Kano ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da annobar sanƙarau ta ɓarke, kamfanin Pfizer ya zo ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, har sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Wanda ya ga wannan da idonsa yana da hujjar tambaya. Amma kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya komai ɗacinta. A shekarar 2003 an dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa yana hana haihuwa. Kusan shekara guda aka yi kafin Kano ta dawo, kuma a shekarun da suka biyo baya cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin 20. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a wannan tsakani 'ya'yanmu ne, suna nan a titunanmu muna ganinsu. Sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Darasi biyu ne a gabanmu, kuma ba ya halatta mu riƙe ɗaya mu jefar da ɗaya.

To, mene ne ainihin abin da aka yi wa wannan wake?

Duk manomin wake ya san tsutsar nan da ke shiga fure ta huda kwanso. Masana suna kiranta Maruka. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, yakan saka ƙwai a jikin toho da fure, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige ciki ta yi ta ci, ta saƙa yana ta lulluɓe kanta. Saboda a ɓoye take, feshi ba ya samunta sosai. A shekarar da ta yi ƙamari takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Wannan ya sa manomi yake feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya, galibi babu takunkumi babu safar hannu, iska na kaɗa maganin a fuskarsa, ƙananan yara na ɗauko masa ruwan haɗi, in an gama kuma a ɗauraye jarkar a mai da ita ta ruwan sha. Wannan guba ce ta zahiri wadda muke gani kullum, amma ba mu ji ana kakabinta kamar yadda ake kakabin irin ba.

Masu bincike sun fara ne da hanyar da aka saba, wato a nemo waken da ke da juriya ta halitta, a haɗa shi aure da mai yawan 'ya'ya, a yi ta zaɓe cikin zuriyarsu. Wannan sana'a tsohuwa ce. Kakarmu da ke ware zangarniyar da ta fi cika ta rataye domin irin baɗi ita ma abin da take yi ke nan. Wanda ya fara gano ƙa'idar da ke ƙarƙashinta wani malamin coci ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya raini shuka kimanin 28,000 na wani nau'in waken Turai a lambun majami'arsu. Ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan farko duk suka fito dogaye. Da ya shuka 'ya'yan waɗannan, sai gajarta ta sake ɓullowa, ɗaya cikin kowane huɗu. Daga nan ya fahimci cewa siffofi ba sa narkewa cikin juna kamar gishiri a ruwa. Kowace siffa tana da ƙwayar gado da ke ɗauke da ita, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, wata ta rinjaya wata ta ɓuya, amma wadda ta ɓuya tana nan. Ya buga sakamakon a 1866, babu wanda ya kula, sai a 1900 aka tono aikin, shekaru 16 bayan mutuwarsa. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida, domin za mu sake bukatarta a gaba.

Sharaɗin wannan hanya shi ne a sami siffar da ake nema a cikin dangin shukar. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana da ma'ajiyar irin wake mafi girma a duniya, kuma an tantance nau'i fiye da 15,000 ba a sami wanda ke da isasshiyar juriya ga Maruka ba. Abin da babu shi a gidan uwa da na uba ba zai fito a jikin ɗa ba. Nan ne aka juya ga hanya ta biyu.

A shekarar 1953 aka gano fasalin sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, wanda ake kira DNA. Ana iya kwatanta shi da dogon rubutu mai harufa huɗu kacal, kuma abin mamakin shi ne da waɗannan harufa huɗu aka rubuta bayanin kowane mai rai, daga ƙwayar bakteriya har zuwa kuka da giwa. Tun da harufan ɗaya ne, layin da aka ɗebo daga wannan halitta waccan tana iya karanta shi ta yi aiki da shi. A 1983 aka fara yin haka a jikin shuka, a 1996 kuma aka fara noman masara da auduga irin wannan a Amurka.

Layin da aka sa wa waken Samaru an ɗebo shi ne daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, ana taƙaita sunanta da Bt. Wani masani a Japan ya fara ganinta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, wani Bajamushe ya sake gano ta a 1911, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Har yanzu manoman da suka ƙaurace wa magungunan kanti a Turai da Amurka ita suke fesawa a kan kayan lambu. Bakteriyar tana yin wani furotin wanda ba ya aiki sai ya cika sharaɗi biyu. Na farko, sai ya shiga ciki mai ɗabi'ar kanwa, kamar na tsutsa. Cikin ɗan Adam mai tsami ne, yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da furotin na nama ko na gyaɗa. Na biyu, sai ya sami wata irin kafa a bangon hanji da zai maƙale, kamar mabuɗi da kwaɗonsa, kuma wannan kafa tana hanjin tsutsa, babu ita a hanjin mutum ko akuya ko kaza. Abin da aka yi shi ne aka sa waken ya riƙa yin wannan furotin da kansa, tsutsar ta ci ta mutu tun tana ƙarama.

An yi dashen ƙwayar gadon a ɗakin binciken hukumar CSIRO ta Ostireliya, ƙarƙashin Dakta T. J. Higgins. Daga nan masanan Samaru, bisa jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, suka yi ta haɗa shi aure da SAMPEA 10, irin da manoma suka riga suka sani da juriyar wuta-wuta. An fara gwaji a killataccen fili a Samaru a 2009. Shekaru goma aka yi kafin hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 domin sa ido a kan irin waɗannan abubuwa, ta ba da izini a watan Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disambar wannan shekara. Yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75. Feshi kuma ya sauko zuwa sau biyu, domin akwai sauran ƙwari masu tsotsar kwanso da masu lalata fure waɗanda furotin ɗin bai dame su ba. Duk wanda ya ce wa manomi wannan wake ba ya bukatar feshi gaba ɗaya ya yaudare shi.

Game da lafiyar mai ci, a 2016 majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka ta bi rahotannin bincike fiye da 900 na tsawon shekaru 20, ba ta sami hujjar cewa waɗannan amfanin gona sun fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba. Wanda bai yarda da Amurkawa ba, kuma muna fahimtar dalilinsa, ya dubi zahiri. Mutanen Afirka ta Kudu tuwon farar masara ne abincinsu kamar mu, kuma shekaru sama da 20 ke nan suna noman masara irin wannan, har ta zama mafi yawan wadda suke tuƙawa. Suna aure suna haihuwa. Gonakinsu kuma ana nomawa shekara bayan shekara.

Zancen cewa irin ba ya tsira a shekara ta biyu yana da asali, sai dai an murɗe shi. A 1998 wani kamfanin irin auduga tare da ma'aikatar gona ta Amurka sun yi rajistar wata dabara ta sa shuka ta haifi 'ya'yan da ba sa tsira. Duniya ta yi caa, a shekarar 2000 ƙasashe suka amince a jingine ta, kuma ba a taɓa sayar da irin da ke ɗauke da ita ba. Waken Samaru yana tsira. Furen wake kansa yake yi wa barbara, don haka wanda ya ajiye iri zai girbi irin abin da ya shuka. Inda ake samun ruɗani shi ne masara mai aure, kuma TELA tana cikinsu. Ita ma tana tsira, amma a shekara ta biyu siffofin da suka ɓuya sai su fito, kamar gajerun Mendel, gona ta zama wata doguwa wata gajera, amfani ya ragu. Haka kowace masara mai aure take, kuma manomanmu na Funtuwa da Saminaka sun san wannan tun shekarun 1980, kafin a haifi wannan rigima.

Da yawa daga cikin 'yan'uwa tambayarsu ita ce ko wannan aiki ya halatta, ko kuwa canza halitta ne. Malamai ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta halatta amfani da wannan fasaha a kan tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu cikin iyakokin shari'a. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1998, ta tafi a kan haka ga noma da kiwo, da sharaɗin a ɗauki duk matakin kauce wa cutarwa ga mutum da dabba da muhalli ko da ta nesa ce, ta kuma nemi kamfanoni su bayyana wa jama'a abin da ke cikin kayansu. Hukuncin ya rataya ne a kan amfani da cutarwa, su kuwa waɗannan biyu da bincike ake saninsu. Wanda ya tura wa mutum dubu saƙon murya yana cewa wake na hana haihuwa, alhali bai tabbatar ba, ya binciki kansa kafin ya binciki wake.

Amma sharuɗɗan nan biyu da malaman suka gindaya, kauce wa cutarwa ta nesa da bayyana gaskiya, su ne suka kawo mu ga abin da masu kirari ba sa son a taɓo.

Ƙasar Burkina Faso ta fara noman auduga mai ɗauke da Bt a 2008, har ta mamaye fiye da rabin gonakin audugar ƙasar. Manoma sun so ta, domin feshi ya ragu ƙwarai. Amma sai aka lura zarenta ya gajarce, alhali kuwa da tsawon zare audugar Burkina ta yi suna a kasuwar duniya. Dalili shi ne an yi gaggawa wajen haɗa irin Amurka da na gida, ba a maimaita auren sau isasshe ba, sai siffar gajeren zare ta biyo ƙwayar gadon da ake so. A 2016 kamfanonin audugar ƙasar suka yi watsi da ita. Babu wanda ya mutu, babu gonar da ta ƙone. Asara dai aka tafka, kuma a shigarta da fitarta duka ba manomi ne ya yanke shawara ba.

Misalin Indiya ya fi kusa da matsalarmu. Ta fara noman audugar Bt a 2002. Kafin shekaru takwas wata jar tsutsar auduga ta daina jin furotin na farko a jihar Gujarat, zuwa wajajen 2015 ta daina jin na biyu ma, manoma suka koma feshi bayan sun sayi iri da tsada. Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Cikin miliyoyin tsutsa ba a rasa 'yan ƙalilan da halittarsu ta jure. In duk gonakin yanki irin Bt ne, masu rauni su mutu, masu juriya su auri juna, cikin 'yan shekaru zuriyarsu ta cika ƙasa. Maganin da masana suka bayar shi ne a bar wani yanki na gona ana shuka irin da ba Bt ba, domin tsutsa mai rauni ta rayu ta auri mai juriya ta tsarma jininta. Manoman Indiya da yawa ba su bi wannan ba, saboda wa zai shuka wa tsutsa abinci da gangan in ba a fahimtar da shi ba? Waken Samaru ƙwayar gadon Bt ɗaya tak yake ɗauke da ita. To, wa ke bin ƙauyukanmu yana bayyana wa manomi wannan ƙa'ida, a ƙasar da malamin gona ɗaya ke da dubban manoma kuma babu man babur? Wa ke kama tsutsa duk damina yana aunawa ko ta fara jurewa? In ana yi, ina rahoton, kuma me ya hana a karanta shi a rediyo da Hausa?

Doka ta tanadi a sa alama a jikin kayan da aka sauya wa ƙwayoyin gado, domin mai saye ya san abin da yake saye. Wannan ya dace da kantin da ake sayar da abinci a kwali. Mu a tiya muke auna wake, bayan ɗan kasuwa ya juye buhun Gumel da na Maraɗi wuri ɗaya. Wanda ya zaɓi kada ya ci, haƙƙinsa ne, ko da mun ga tsoronsa bai da dalili, kuma har yanzu ba a nuna masa hanyar da zai bi ba. Irin wannan duhu ne jabun iri ke samun kasuwa a cikinsa, a rina wake a zuba a leda a ce na Samaru ne, in tsutsa ta cinye a ce binciken ƙarya ne.

Sai batun mallaka. Kamfanin Monsanto, wanda Bayer ya saye daga baya, shi ya ba da ƙwayar gadon wannan wake ba tare da neman ladan mallaka ba, ta hannun gidauniyar AATF mai hedkwata a Nairobi. Mun ji, amma kyauta ce a kan iri ɗaya. A 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri, wadda aka gina bisa tsarin yarjejeniyar UPOV ta 1991, tsarin da ke taƙaita 'yancin manomi na sayarwa ko musayar irin da aka yi wa rajistar mallaka. Dokar ba ta hau kan irin gargajiya ba, kuma gaskiya ne wanda ya ɓata shekara goma yana bincike ya cancanci lada. Amma manomi nawa ne a Arewa ya taɓa jin labarin wannan doka kafin a zartar da ita? Kuma idan sabon iri ya mamaye gonaki, wa zai ci gaba da riƙe Kanannado da Ɗan Ila, masu yaɗo da yawan harawa, waɗanda kakanni suka zaɓa domin su zauna lafiya a ƙarƙashin gero da dawa? An sami burbushin wake a tsakiyar ƙasar Gana wanda ya haura shekara 3,500. Wannan yanki namu gidan wake ne, danginsa na daji suna nan a bakin gonakinmu, kuma daga cikin waɗannan tsofaffin iraruwa ne mai binciken gobe zai nemi maganin cutar da ba ta zo ba tukuna.

Akwai kuma abin da ya kamata ya ba mu kunya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sami sinadarin nan da ake yin fiya-fiya da shi a jikinsa fiye da kima. Wannan ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Da hannunmu muke zuba shi a buhu domin kashe ƙwaron da ke huda wake a ajiya, wanda Bt na waken Samaru bai yi masa komai. Abin da Turawa suka ƙi, shi ake dafa wa 'ya'yanmu a makarantun kwana. Alhali kuwa binciken gona ya daɗe da samo mafita mai araha: buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan jami'ar Purdue suka samar tare da masu bincike na Kamaru da Nijar, aka fara yaɗa shi a 2007. A ɗaure bakinsa tam, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu, babu ɗigon magani. Da rabin ƙarfin da aka kashe wajen yaɗa jita-jitar iri an kashe shi wajen hana 'yan kasuwa zuba fiya-fiya a abinci, da an ceci rayuka.

Tushen dukkan waɗannan matsaloli ɗaya ne. Mafi yawan kuɗin da aka yi aikin wannan wake da su daga hukumar agajin Amurka ta USAID suka fito. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar cikin 'yan watanni, ba ta yi shawara da kowa a Afirka ba, kuma ba dolenta ba ne. Ƙasar da ta fi kowa noman wake a duniya ta jira wasu sun biya mata kuɗin binciken tsutsar wakenta, an kai mata aikin dashen har Ostireliya, sannan ta dawo tana gardamar ko an cuce ta. Wanda bai iya auna abin da aka ba shi ba, zaɓi biyu ya rage masa, ya haɗiye a makance ko ya tofar a makance. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma ba a ce ba mu da gatarin ba. An kafa tashar binciken Samaru tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Dattawa suna tuna shekarar 1975, lokacin da cutar nan mai ƙanƙance gyaɗa ta cure ganyenta, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsotso ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya, bayan farin da aka sha a shekarun da suka gabace ta. Tana cikin abubuwan da suka rusa dalar gyaɗa ta Kano. Masanan Samaru da abokan aikinsu ne suka duƙufa shekara da shekaru har suka fitar da iraruwan SAMNUT masu jure cutar, ta hanyar aure da zaɓe irin na Mendel, ba tare da dashen komai ba. Aiki ne mai cin lokaci, iri ɗaya kan ci shekara goma, kuma ba ya jure yankewar kuɗi: zuriyar da aka kasa shukawa a damina ɗaya na iya ɓata wahalar shekara biyar. A 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 10 cikin 100 na kasafinta ga noma. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ba ta cika wannan alkawari ba, kuma cikin ɗan abin da ake warewa, rabon taki na siyasa ya fi bincike samun gata.

Mu ma iyaye muna da kaso a cikin laifin. Yaron da ya fi hazaƙa a gida likitanci ko lauya ake tura shi, wanda bai sami gurbi ba shi ake cewa ya lallaɓa da aikin gona, kamar an yi masa ta'aziyya. Magabata ba su ɗauki wannan ilimi haka ba. Ibnul Awwam na Ishbiliya ya rubuta Kitabul Filaha a ƙarni na 12, ya yi bayanin ɗaruruwan tsirrai da dashe da ƙasa da ban-ruwa, Turawa suka fassara shi suna karatu bayan ƙarnoni. Attajiranmu da suka yi arziki da hatsin Dawanau, nawa ne cikinsu ya ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ya karanta ilimin ƙwayoyin gadon tsirrai har digiri na uku, ko ya sayi na'ura ɗaya ya ajiye a ɗakin binciken wata jami'a?

Saboda haka muna kira ga hukumar NBMA da cibiyar Samaru su fito da sakamakon sa idon da suke yi a kan tsutsar Maruka duk shekara, da Hausa, a rediyo da takarda, kafin faɗuwar damina. Gwamnatocin jihohin da ke noman wake su ɗauki malaman gona su ba su abin hawa, su kuma ware kuɗi na dindindin domin adana tsofaffin iraruwa a inda ake nomansu. 'Yan majalisar da suka nemi a dakata su koma su duba dokar 2021 da kasafin bincike, domin nan ne sa hannunsu yake da tasiri. Manomin da ya ga zai gwada waken Samaru ya saya a wurin dillalin da aka sani, ya karɓi rasit, ya shuka shi a gefe ɗaya, ya bar irinsa na gado a ɗaya gefen, ya ƙirga feshin da ya yi wa kowanne da buhun da ya ɗauka, in an yi girbi ya zo majalisa ya faɗi abin da ya gani.